Kuɗin tallafin mai da aka cire, me ya iso unguwarku?

Abban Sadiq: Salam jama'a. Tun 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi aka ce mana kuɗin za su koma asibiti da makaranta da hanya, kuma kason da gwamnoni ke karɓowa daga Abuja duk wata ya ƙaru sosai, wannan ba mai musu. Ni ba faɗan jam'iyya nake nema ba, don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa a inda yake.

Ɗan sahu: Wslm Abba. Mu ai mu muka fara shan ta. Lita tana ƙasa da 200 muka wayi gari ta haura 500, a watan Yuli ta zama 617, kafin 2024 ta ƙare ta wuce dubu, kuma mai mashin bai rage balas ba ko sisi, ka ƙara kuɗin mota fasinja ya ce ya fasa zai taka da ƙafa, sai ka yini kana zagaye da mutum ɗaya a baya. An ce mu juya zuwa gas na CNG, to wanda ya juya a layinmu rabin yininsa a layin shan gas yake ƙarewa.

Maman 'yan biyu: Ƙanwata naƙuda ta kama ta cikin dare muka kai ta ƙaramin asibitin unguwa. Ba wuta, janareta ba mai. Takarda aka miƙo mana, safar hannu, auduga, sirinji, ruwan ƙari, har reza, duk mijinta ya je kemis ya tashi mai shi daga barci. Ni na riƙe fitilar waya ungozoma ta karɓi haihuwar. Wlh matar nan ta yi ƙoƙari Allah ya saka mata, ita kaɗai ce a bakin aiki ga mata uku suna jira. Ginin kuwa an masa sabon fenti har da allon kwangila a ƙofa.

Malam na firamare: Hajiya fentin nan har makarantarmu ya zo, hhh. Amma in faɗi gaskiya an rufe mana azuzuwa biyu da iska ta yaye. Albashi ne dai, an sa hannu a mafi ƙarancin albashi na 70,000 tun Yuli 2024, mu na ƙananan hukumomi sai da muka sha jira, da ya zo kuma kuɗin mota da masara sun riga shi isowa. Alli har yau daga aljihunmu.

Ɗalibi: Ni kam na ga wani abu. NELFUND, asusun lamunin ɗalibai na gwamnatin tarayya, sun biya mini kuɗin makaranta, ga 20,000 na kashewa a wata, ba don haka ba da na ajiye karatu lokacin da aka ƙara rajista.

Malam na firamare: Madalla ɗana, amma ka riƙa tunawa bashi ne, shekara biyu bayan bautar ƙasa za a fara cira.

Mai walda: Mu a Afrilu 2024 aka jefa layinmu Band A, rukunin da ya fi biyan kuɗin wutar lantarki da tsada, yunit ya koma 225 wai za mu riƙa samun awa 20. Watan farko an kawo ba laifi, daga baya taransifoma ta ƙone, mu muka yi karo-karo gida-gida aka gyara, bil kuma bai fasa zuwa ba.

Abban Sadiq: To shinkafar rage raɗaɗi fa, da biliyan 5 ɗin da aka ce an ware wa kowace jiha a Agusta 2023? Da 25,000 ɗin nan da aka ce za a riƙa tura wa talakawa duk wata har wata uku?

Maman 'yan biyu: Kwano biyu aka kawo layinmu aka ce gida biyar su raba. Ta 25,000 kuwa an karɓi NIN ɗina da lambar asusu a gidan mai unguwa, maƙwabciyata ta ga alat sau ɗaya, ni shiru. Akwai wanda ya samu duka ukun a nan?