Wai me ya sa maganin wiwi a asibitocin kuɗi na Ingila yake da tsada haka?

Maman Ilham:
Salam 'yan uwa. Mijina na fama da ciwon baya shekaru, aka ba mu shawarar mu gwada asibitin da ke rubuta wiwi ta magani a nan Ingila, to amma kuɗin ganin likita daban, na komawa daban, na kemis daban, dan Allah ina kuɗin nan ke tafiya?

Baban Sadik:
Hajiya sannu, Allah ya ba shi lafiya. Tun Nuwamba 2018 aka halatta, amma ƙwararren likita ne kaɗai ke iya fara rubutawa, likitan unguwa ba ya iyawa. NHS kuma, wato hukumar lafiya ta gwamnati, ba kasafai take bayarwa ba sai irin Epidyolex na farfaɗiya mai tsanani, ko Sativex na sanƙarewar tsoka, shi ya sa kusan kowa ya koma asibitin kuɗi, daga aljihunsa yake biya.

Dan Katsina:
Ai ganin likitan ba shi ne cinikin ba. Ribar tana wajen maganin da za ki riƙa saye duk wata, wasu asibitocin ma kamfani ɗaya ne da kemis ɗin, kuma yawancin kayan daga waje ake shigo da su, irin Kanada, ga lasisi ga gwaji. Ki tambaye su ko za ki iya kai takardar maganin zuwa wani kemis.

Anti Rabi:
Ƙanwata wlh kar ya kuskura ya taho da shi Najeriya hutu, takardar likitan Ingila ba za ta cece shi a hannun NDLEA ba.

Maman Ilham:
Na gode sosai, gobe zan kira su in ji maganar kemis ɗin.