Ramin ruwan da ke kan dutse, yaya sunansa da Hausa?

1/ Jama'a, a taimaka min da kalma. Ina rubuta bayani kan masu lura da ruwan da ke taruwa a kan duwatsu da dabbobin da ke sha a wurin, sai na cije a sunan ramin kansa. A Ostireliya gnamma suke cewa, aro daga harshen mutanen Noongar. A hamadar Amurka da Meziko kuma tinaja, wato randa da Sifaniyanci. Mu fa?

2/ Duk wanda ya hau dutsen Kufena na Zariya bayan ruwan Agusta ya san abin da nake nufi. Wani kamar kasko, wani ya kai gwiwa. Ba sassaƙa shi aka yi ba. Ruwa ne ke kwana a ɗan loko yana cin dutsen a hankali, rani ya zo iska ta kwashe garin, damina ta sake cikawa, ramin yana ta faɗaɗa. Ka tsuguna ka leƙa, ga talibambam, ga tsutsar sauro, a gefe ga kashin tsuntsaye fari fat.

3/ Amsar farko daga wani ɗan'uwa a Sabon Gari: "Malam, ai mashaya ce." Gaskiya ne, inda dabba ke sha mashaya ce. Amma bakin Kubanni ma mashaya ne, kalmar ba ta ce komai game da dutse ba. Ga shi kuma yaran yau da sun ji mashaya, gidan giya hankalinsu zai tafi.

4/ An kawo tafki da kududdufi. Na ƙi. Kududdufin birni ramin da aka haƙi ƙasar gini ne, gindinsa laka. Wannan kuwa gindinsa dutse, ruwan ba ya tsiyayewa ƙasa, sai rana ta shanye shi ko baki. Shi ya sa masu aikin suke soka sanda mai alama su auna zurfi lokaci bayan lokaci, su duba sawu da kashi, su tsame mushe. A Ostireliya babbar masifarsu raƙuma ce, waɗanda aka kai tun ƙarni na 19 suka koma na daji. Sukan shanye ruwan tas, wasu su faɗa ciki su mutu, ya ɓaci ga kowa.

5/ Da na rasa mafita, na tambayi kakata a Tudun Jukun. Ko ɗaga kai daga tsintar shinkafa ba ta yi ba.
"Kai ɗan nan, kwarmi kake nufi?"
"Kwarmi kuma, Iya? Ba na ido ba?"
"To idon ba a cikin rami yake zaune ba? Boko dai ta cinye ku."

6/ Ni dai kwarmi ya kwanta min. Kwarmin ruwa, ko kwarmin dutse idan ana son fayyacewa. Wata malama daga Samaru ta dage kan randar dutse, ta ce ta fi daɗin baki, kuma ta yi daidai da tinaja. Mun raba gardama haka: mara zurfi da ke ƙafewa da shigowar hunturu, kwarmi. Mai zurfi da ke riƙe ruwa har cikin rani, wanda agwada da kazar dutse da birai ke dogara da shi, randar dutse.

7/ Manya irin geltar Arshe (gelta ruwa ne da ke taruwa tsakanin duwatsu a Sahara) a Ennedi ta ƙasar Chadi, inda ayarin raƙuma ke sha kuma har yau akwai 'yan kadoji kaɗan, wannan ta wuce randa. Gelta zan bar mata.

8/ Saura kyamarar da ake ɗaurewa a gefen ramin, mai ɗaukar hoto da kanta in ta ji motsi. Wani ya ce kyamarar tarko. Tarko kamawa yake yi, ita kuwa laɓewa kawai take. Na sa kyamarar kwanto kafin in ji ta bakin maharba.