Wai me za mu kira ƙwayoyin nan na hanji masu taimakon ƙashi?

Jama'a ku kawo ɗauki. Abin da Turawa ke cewa maikrobayom, wato tarin halittun da ido ba ya gani da ke zaune cikin hanjin mutum, har yau ba mu da tsayayyen suna. Masu fassara sai su ce "ƙwayoyin cuta masu amfani", to Fisabilillahi ya za a yi abu ya zama cuta kuma ya zama amfani? Ka je ka ce wa dattijuwa a Tudun Wada ta sha kindirmo don akwai ƙwayoyin cuta a ciki, ai ta bar shan nono ke nan.

Kuma fa aikinsu ba ƙarami ba ne. Ka ci wake ko zogale ko miyar kuka, dusar da ciki ya kasa narkarwa su ne ke ruɓar da ita a babban hanji, sai su fitar da wani tsami da ke sa jiki ya fi zuƙar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, kuma yana rage wa ƙwayoyin halittar jiki da ke gaigayar ƙashi ƙarfi. Wasu daga cikin halittun hanjin har bitamin K2 suke yi. A Suwidin, 2018, an ba mata 'yan shekara 75 zuwa 80 wata irin bakteriya mai amfani har shekara guda, zaizayar ƙashinsu ta ragu da kusan rabi in aka kwatanta da waɗanda ba a ba ba. Daddawar kalwa ma ai bakteriya ce ke nunar da ita.

Wani bawan Allah ya ce a bar shi "bakteriyar hanji" kawai. Ba laifi, amma ba bakteriya kaɗai ce a wurin ba, akwai dangin yis ma. Wata baiwar Allah ta kawo "halittun ciki", wannan kam tsutsar ciki za a ɗauka, gobe a tafi kemis neman maganin kashe su. "Ƙwayoyin alheri" ya yi daɗi a baki, sai dai a Kaduna in ka ce ƙwaya kun san inda hankalin samari ke tafiya.

Ni dai na tsaya a kan "mazauna hanji". Bai yabe su ba bai zage su ba, don cikinsu akwai nagari akwai mugu, abincinka ne ke sa wani ɓangare ya rinjayi wani. Nagarin da ake samu a kindirmo kuma a ce "mazauna nagari".

Likitoci da malaman Hausa na KASU, Jami'ar Jihar Kaduna, in akwai gyara bismillah.