Kullum aiki ɗaya: akwai wata ma'ana a ciki?

Tela daga Mabera:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka girme ni a sana'a. Bayan sallar asuba nakan buɗe shago, in hau keke, in yi ta ɗinkin riguna da wanduna har la'asar, gobe ma haka, har na fara jin kamar kwanakina duka kwana ɗaya ne. Shin akwai wanda yake samun daɗi a cikin irin wannan maimaici, ko kuwa haƙuri kawai ake yi?

Baduku daga Ƙofar Rini:
Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da kake kira aiki ɗaya, idan ka ƙura masa ido, ba ɗaya ba ne. Mu da fatar jar akuyar Sakkwato muke aiki, wadda ayari ya riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, kuma har yau da bagaruwa majema suke jeme ta. Amma ban taɓa riƙe fata biyu iri ɗaya ba. Wata taushi gare ta, wata tana da tabon ƙaya a daidai inda kake son yanka, sai ka sake tsarin jakar gaba ɗaya. Sabon shiga ba ya ganin wannan bambanci, domin sai hannu ya gaji da maimaici sannan ido yake buɗewa. Na tabbata shadda da atamfa ma ba sa tafiya iri ɗaya a ƙarƙashin allurarka.

Malama daga Runjin Sambo:
Ƙanena, ka tuna hadisin Nana A'isha da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Rigar da kake gani ta ɗari ce a wurinka, amma ga yaron da zai sa ta zuwa filin idi ita kaɗai ce.

Akawu daga Arkilla:
Baba da Malama sun faɗi gaskiya, sai dai kada mu mai da kowace gajiya ƙarancin tunani. Wanda ya wuni a shagon kwano cikin zafin Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, jikinsa ne yake ƙorafi. Malam tela, ka mayar da aiki mai wuya zuwa sanyin safiya, ka ɗauki yaro ka koya masa yanka, kai kuma ka gwada aikin wuyan babbar riga idan ba ka taɓa yi ba.