Filas ɗina duk ya koma shotkot, a taimaka

Maman Ummi: Assalamu alaikum ƴan uwa dan Allah a taimaka min, jiya na kai filas ɗina shagon buga takardu a fitar min da projet, ina dawowa gida na saka a laftof sai na ga duk foldodin sun koma shotkot masu ƴar kibiyar nan, na danna na danna ba abin da ya buɗe, babi uku ne a ciki wlh ko runtsawa ban yi ba

Oga Injiniya: Wa alaikissalam Hajiya, kwantar da hankalinki. Kar ki yi fomat, kuma ki daina danna shotkot ɗin don duk dannawa tayar da bairos ɗin kike yi. Fayilolinki suna nan ɓoye su ya yi. Ki fara sikanin filas ɗin da Windows Defender, manhajar kashe bairos da ke zuwa da Windows, sai ki buɗe cmd, wato baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ki rubuta harafin filas ɗin misali E: ki danna enta, sannan ki rubuta umarnin fito da ɓoyayyun fayil, attrib -h -r -s /s /d

Mai Kafe: Ki haɗa da Malwarebytes na kyauta, shi ma na kashe bairos ne, ki sikanin laftof ɗin ita ma, tunda kin riga kin danna ya shige ta, in ba haka ba duk filas ɗin da kika saka sai ya kwasa

Abban Sadik: Naki da sauƙi Hajiya. Ni bara na sauke wata manhaja da aka fasa don gudun biyan kuɗi, washegari hotunan bikin mutane da nake aikinsu duk sun ƙi buɗewa, ga wata takarda a kowace folda wai in biya da dala kafin a buɗe min

Oga Injiniya: Wannan shi ne mai garkuwa da fayil, dangin WannaCry da ya tsayar da asibitoci a Ingila a 2017. Shi attrib ba ya masa komai saboda kulle fayil ɗin yake yi ba ɓoyewa ba. Duk wanda ya gani ya cire intanet nan take, ya duba shafin No More Ransom ko irin nasa yana da mabuɗi, wasu akwai wasu babu. Biya kuma ba ya tabbatar da za a buɗe maka

Mai Kafe: Akwai kuma bairos mai naɗar duk abin da ka danna a kibod, shi ya sa nake hana yara buɗe asusun banki a kwamfutar haya ko da tawa ce

Auta: Oga tunda ana magana, tawa laftof ɗin fankarta na ƙara sosai kuma wajen linzamin ya ɗan taso, in kwance in share ƙurar da kaina?

Oga Injiniya: Tsaya Auta, tasowar nan batir ne ya kumbura a ƙasa. Cire caja yanzu, kar ka matsa shi kar ka tsokane shi da sukudireba, batirin litiyom in ya huje wuta yake kamawa. Kai shi a canja. In kuma shara ce kawai, a kashe a cire caja da batir, a danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci ragowar wutar ta fita. Da hunturun nan da iska ta bushe jikinka na tara wuta, irin wadda ke jan ka in ka taɓa ƙofar mota, ita kaɗai ta isa ta kashe RAM, wato ɗan allon ƙwaƙwalwar kwamfuta, don haka ka fara taɓa ƙarfe kuma ka riƙe RAM ɗin ta gefe. Akwatin wutar babbar kwamfuta kuwa ko an zare fulogi kafasitocinsa, wato ƴan ma'ajin wutar da ke ciki, na riƙe wuta, kar ma a buɗe shi

Maman Ummi: Alhamdulillah sun fito duka ukun!! Allah ya saka da alheri Oga, Allah ya ji ƙan mahaifa. Yanzu na tura su imel ɗina, gobe daga can za a buga