Wai wanda ya kama Ostareliya a Risk shi ya ci wasa?

Garkuwa: Salamu alaikum jama'a. Ni har gobe ina kan bakana: a Risk, wasan yaƙin nan da ake bugawa a kan taswirar duniya, wanda ya fara mallakar Ostareliya ya gama rabin aiki. Yankuna 4 ne kacal, ƙofa ɗaya tak tsakanin yankinta na Indunisiya da Siyam ta Asiya, kuma kowane zagaye ana ƙara maka soja 2. Ka jibge runduna a bakin ƙofa, ka zuba ido sauran su cinye junansu. Wa ke da ja?

Barde: Ni ke da ja, Malam Garkuwa. Ƙofar shigar nan ita ce kuma ta fita. Ka manta ba a ba mutum kati, wanda ake tarawa a musanya da soja, sai ya ci aƙalla yanki ɗaya a zagayensa? Wani ya zo ya ajiye soja 25 a Siyam, ba ya ma taɓa ka, zama kawai ya yi. Ina za ka ci yanki? Kana karɓar 3 na dole da 2 na nahiya, mutane suna can suna tara kati.

Garkuwa: Ai shi ya sa ake zama a Siyam ɗin, ba Indunisiya ba. Daga nan ga Indiya, ga Sin.

Barde: In an bar ka ka isa can ke nan.

Hajiya Lissafi: Ku dakata. Kuna gardama ba ku faɗi tsarin katin da ake bugawa ba, alhali nan maganar take. In tsarin da lada ba ya canjawa ne, inda mafi tsoka soja 10 ne, to Garkuwa yana da gaskiya babba, domin 2 ɗin nan na kowane zagaye suna taruwa. Amma in tsarin da lada ke hawa ne, 4, 6, 8, 10, 12, 15, daga nan ƙarin 5 kowane karo, lissafi ya juya. Zagaye 10 cur kana riƙe da Ostareliya, soja 20 ka samu. Musayar kati ta 7 kaɗai 20 ce, ta 8 kuma 25. A irin wannan wasa ba nahiya ake farauta ba, mutum ake farauta. Ka hango mai kati 4 da soja 12 a warwatse, ka share shi, katunansa sun zama naka. In suka kai 6 a hannunka, nan take za ka musanya, ka juya kan na gaba tun zagayenka bai ƙare ba. Wanda ya kulle kansa a kusurwa ba ya da hanyar kaiwa ga irin wannan nama, sai dai ya kalli wani ya ɗauke.

Garkuwa: Hajiya, amma dai bango bango ne. In 'ya'yan ludo suka yi kunnen doki, ai mai tsaro ke ci.

Hajiya Lissafi: Haka ne, sai dai mai hari yana jefa 3, kai 2. A irin wannan karo, kusan kashi 37 cikin 100 mai tsaro ne ke rasa soja biyu, kashi 29 mai hari ne ke rasa biyu, ragowar kowa ya rasa ɗaya. Idan runduna ta yi yawa, rinjayen yana ɗan karkata ga mai hari. Bangonka na 30 ba zai tsaya wa mai 45 ba.

Sabon Shiga: Yayyena ku yi haƙuri da tambaya, to ina ya fi dacewa a fara? Ni kullum Asiya nake hari saboda soja 7 da take bayarwa.

Barde: Haba ƙanena! Yankuna 12, biyar daga ciki a bakin iyaka suke, wa zai bar maka? Duba wannan: Amurka ta Kudu tana ba da 2, ta Arewa 5. Ka haɗa su, 7 ɗin nan dai ce, kuma wuri 3 kawai za ka tsare: Alaska, Girinlan da Brazil.

Dattijo: Duk kun bar abu ɗaya a baya. Wasan nan tun 1957 ya fito a Faransa, babu wanda bai san daɗin Ostareliya ba. Shi ya sa a intanet za ka ga mutum biyu ko uku sun rufa mata tun zagayen farko, kowa yana zuba sojansa a yankuna 4 ɗin nan. Wanda ya tsira da ita ya fito da soja 6 ko 7, ga kuma maƙiyin da ya rantse ko zai mutu sai ya ja shi ƙasa. Ni in na ga an fara wannan rububi, gefe nake komawa, in ci yanki ɗaya mai soja 1, in karɓi katina, ban fasa wa kowa nahiya ba.

Garkuwa: Baba, wannan ai zaman kunkurun da kuke zargina da shi ne, ka canja masa wuri kawai.

Dattijo: A'a ɗana. Ni rundunata a dunƙule take a tsakiyar taswira, hanya buɗe ta kowane ɓangare. Taka tana bayan Siyam.

Garkuwa: Na yarda da Hajiya a kan lada mai hawa, amma a ɗaya tsarin ban janye ko kalma ɗaya ba. Barde, buɗe wasa: mutum 6, lada tsayayye, kuma kada kowa ya haɗa baki da wani.

Barde: Na buɗe. Sai dai ka sani, Siyam zan fara zama.