Kyautar biki a lokacin matsi: me za a ba mutum ya daɗe yana mora?

Mai Neman Shawara

Assalamu alaikum. Biki ya rage saura wata biyu, kowa kuma ya san halin da aljihu ke ciki a bana. Mutum 12 nake son yi wa kyauta, manya da yara. Abin da nake gudu shi ne tarkacen robar da ke lalacewa cikin mako guda ya ƙare a bola. Me ya kamata a saya, me za a iya haɗawa da hannu, kuma a ina ake yawan tafka kuskure?

Mai Lissafi

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kuskuren farko shi ne fara jera sunaye kafin a yanke adadin kuɗi. Ki fara rubuta abin da za ki iya kashewa ba tare da cin bashi ba, ki ware kashi ɗaya cikin goma na naɗi da aikawa, sannan ki raba saura. Kuma ki ƙirga gidaje maimakon kawuna. Mutum 12 sau da yawa gida huɗu ne ko biyar, abu ɗaya mai ƙwari ga kowane gida ya fi ƙananan abubuwa 12 da ba za su ga wani bikin ba. Araha ba ta ado. Kayan hannu, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su, su ma ba abin kunya ba ne idan suna da kyau, amma ban da hular kwano da kujerar jariri ta mota, domin lalacewar da hatsari ya yi musu ba ta bayyana a ido.

Mai Gyaran Lantarki

Hajiya, idan gidan akwai tocila, rediyo ko kayan wasan yara, ki ba su batir mai caji samfurin NiMH guda huɗu tare da cajarsa. Batir mai girman AA na gaskiya yana tsakanin 1,900 da 2,500 mAh, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka, ana kuma iya cajinsa sau ɗaruruwa. Wanda aka rubuta wa 4,000 ko 5,000 ƙarya ce, ki bar shi a wurin. Ki nemi wanda aka rubuta cewa ya zo da cajinsa, shi ne ba ya saurin zubar da wuta idan an ajiye. Ƙarfinsa 1.2V ne, na yarwa kuma 1.5V, don haka kada a cakuɗa su a na'ura ɗaya. Wajen caja ake yawan cutuwa: mai arha tana cajin batir bibbiyu kuma ba ta tsayawa idan ya cika, sai ya yi zafi, ransa ya gajarta. A sayi mai fitila ɗaya ga kowane gurbi.

Fawa bank kyauta ce mai kyau, amma a san lissafinta. Wadda aka rubuta wa 10,000 mAh a kan 3.7V aka auna ta, abin da zai isa waya bai cika wuce 6,000 zuwa 7,000 ba. Nauyinta na kusan giram 200. Idan kin ɗaga kin ji ta sakayau, ga lamba mai yawa a jiki, to babu abin kirki a ciki.

Mafi arha duka shi ne ƙwan LED. Mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. In ana kunna shi awa biyar kullum, ya rage wa gida kusan yunit 93 na wuta a shekara.

Mai Ɗinki

Ni dai ina jan hankali a kan jakar yadi, don mutane na ɗauka duk abin da ba leda ba ne ya kuɓutar da muhalli. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar da bincike a 2011 cewa sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin ta rama hayaƙin da aka fitar wajen yin ta, idan aka kwatanta da leda guda. To kada a sayi sabon yadi saboda jaka. Ragowar yadi ko tsohon wandon jins ya wadatar.

Domin ɗinka jakar, a yanka falle biyu, kowanne mai faɗin santimita 40 da tsawon 45. Hannaye biyu, tsawo 60, faɗi 8, a ninka su huɗu a bi da keke. Jaka daga hannu take mutuwa, saboda haka inda hannu ya haɗu da baki a yi ɗinki mai kusurwa huɗu, a gicciya shi a tsakiya. A wanke yadin kafin yanka, in ba haka ba zai tsuke a wankin farko ɗinkin ya tattare.

Naɗi kuma, takarda mai ƙyalli ba ta sarrafuwa, da roba a jikinta. Ki dunƙule ta a hannu, in ta buɗe da kanta to ba takarda zalla ba ce. Mutanen Japan da ƙyalle suke naɗe kyauta, suna kiransa furoshiki. Murabba'i mai santimita 50 ya isa littafi, mai 70 ya isa kwali madaidaici, ƙyallen kansa ya zama kyauta ta biyu.

Mai Lambu

Wata biyu sun isa a dasa shuka. A yanko reshe mai santimita 10 zuwa 15 daga ƙasan gaɓa, a tsige ganyen ƙasa, a sa a ruwa ana canzawa duk kwana uku. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya sukan yi saiwa cikin mako biyu. 'Ya'yan alobera kuwa a bar su kwana biyu ko uku a inuwa wurin yankan ya bushe kafin a dasa. Gwangwanin da ba a huda ƙasansa ba shi ke kashe yawancinsu, saiwa ta ruɓe.

Mai Neman Shawara

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Sabulun gida fa, zai yiwu kafin lokacin? Sannan yara ƙanana me ya dace da su?

Mai Haɗa Sabulu

Zai yiwu, 'yar'uwa, amma sai an fara a makon nan, don sabulu na buƙatar mako huɗu zuwa shida yana shan iska kafin ya yi tauri. Ga man zaitun giram 500, soda mai ƙuna ta yin sabulu (caustic soda) giram 64, ruwa giram 130. A auna da sikeli, ban da cokali ko kofi. In an canza mai dole a sake lissafin soda, kowane mai da nasa adadin: man kwakwa ya fi na zaitun cin soda nesa ba kusa ba. Soda ake zubawa a cikin ruwa, ba a taɓa zuba ruwa a kan soda, yana iya tafasowa ya fantsama a fuska. A sa safar hannu da tabarau, a yi a wuri mai iska, kada a yi amfani da tukunyar alminiyom domin soda na cin ta. Wanda bai taɓa yi ba kada gwajinsa na farko ya zama kyauta, sabulun da soda ta yi wa yawa ƙona fata yake.

Yara 'yan ƙasa da shekara uku kuwa, duk abin da zai shige cikin kwalin tsakiyar takardar bayi zai iya maƙale musu a wuya. Kayan wasa mai ƙaramin batir irin na agogo, in murfinsa ba da sukuru aka ɗaure ba, a haƙura da shi, haɗiye batirin na ƙona maƙogwaro cikin awa biyu. 'Yar tsanar ƙyalle daga ragowar yadin jakar nan ta isa, a yi mata idanu da zare maimakon maɓalli.